Kusbara: Yadda Ake Saye, Adanawa da Sarrafa Ta Amfaninta Bai Gudu Ba

Yawancin kusbarar (coriander a Turance) da ke ajiye a kicin ɗinmu ta riga ta huce tun kafin ta shiga tukunya. Garinta ake saye a ƙulle cikin farar leda, wadda ta yi makonni tana shan rana a teburin mai kayan ƙamshi, a kawo gida a juye a robar da murfinta ba ya kamawa, a ajiye dab da murhu. Ranar da ciki ya kumbura sai a ɗebo cokali guda a tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya har ruwa ya ƙone rabi, a sha, gobe a ce an gwada ba ta yi komai ba. Laifin ba na kusbara ba ne. Abin da ke yin aikin a cikinta mai bin iska ne, kuma a kowane mataki daga cikin waɗancan an bar shi ya tafi.

Ni malamar kimiyyar sinadarai ce a wata makarantar sakandare a Kano, kuma ina haɗa kayan ƙamshi na sayarwa a gida, don haka maganar nan ta shafe ni ta fuska biyu. Abin da nake so uwargida ta tashi da shi shi ne sanin abin da ke cikin wannan tsiro, domin sanin nan ne zai gaya mata lokacin dakawa, lokacin rufe kofi, da lokacin da ya kamata ta ajiye kusbara gefe ta nufi asibiti.

Abu na farko da za ki riƙe, 'yar'uwa: shuka ɗaya ce, amma 'ya'yanta da ganyenta kusan ba su haɗa komai ba ta wajen ƙamshi. 'Ya'yan, waɗannan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa da girmansu ya yi kusan na masoro, suna ɗauke da mai iri biyu. Akwai mai nauyi wanda ba ya tashi, kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin ƙwayar, kuma mafi yawansa wani sinadari ne da ake kira asid ɗin fetroselinik, wanda dangin karas suka yi fice da shi. Sannan akwai mai ƙamshi, ɗan kaɗan ne ƙwarai, galibi yana kai-komo ne a kusa da kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne kusbara. Kashi 60 zuwa 80 cikin 100 nasa sinadari ɗaya ne mai suna linalul, wanda ke ba da ƙamshin nan mai kama da na fure da ɓawon lemo. Sauran sun haɗa da tafinin, fainin, jeraniyol, da ɗan kafur, e, kafur ɗin da kika sani. Linalul bai cika son ruwa ba, mai yake so, kuma yana bin tururi da sauri. Kamar kwalbar turare ce da aka bari a buɗe: ba za ki ga lokacin da ya fita ba, sai dai ki zo ki tarar babu.

Ganyen kuwa wani gida ne daban. Ƙamshinsa daga wasu sinadarai ne da ake kira aldihaid, irin su dekanal, dodekanal da dodesenal. Su ma ba sa jure zafi ko bushewa. Za mu zo kansu.

Wajen saye, ki nemi 'ya'yan a ɗunƙule, kada ki karɓi gari. Ni a Kasuwar Rimi nake saye, ko wurin masu magungunan Musulunci, inda za ki same ta kusa da 'yan'uwanta shammar, yansun da kamun, domin duk dangi ɗaya ne da karas da seleri. Idan shagon da ke kawo kayan Indiya kika shiga, daniya za ki ce. Za ki ci karo da iri biyu: mai zagaye sosai mai ɗan duhu, irin wadda Maroko ta shahara da ita, da mai ɗan tsawo kamar ƙwai mai haske da ɗan kore-kore, wadda ke zuwa daga Indiya, ƙasar da ta fi kowace noma ta a duniya, musamman jihohin Rajastan, Madya Firadesh da Gujarat. Kowacce ta yi. Abin dubawa shi ne sabuntarta. Ɗauki ƙwaya biyu ki murje tsakanin babban yatsa da farce. Ƙwayar ba ta da tauri, za ta fashe ta rabu gida biyu, kowane ɓari da ɗan rami a cikinsa kamar ƙaramin ƙoƙo. Kai hanci nan take. Idan ƙamshin lemo ya doke ki, saya. Idan warin busasshiyar ciyawa ko na ƙura kika ji, mayar. Ki kuma zuba kaɗan a tafin hannu ki duba a haske: ƙananan huji a jikin ƙwaya da ɗan gari a ƙasan buhu alama ce ƙwari sun riga ki, warin fumfuna kuwa alama ce ta sha danshi, wannan ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

A gida kwalbar gilashi mai murfin da ke ɗaurewa, a cikin kabad, nesa da wuta da taga. A ɗunƙule takan yi shekara da ƙarfinta. Da zarar an daka, lissafin ya koma na makonni. Shi ya sa masu sayen haɗina suka san ba na daka kusbara sai an yi oda, ko da hakan zai sa su jira kwana ɗaya.

Yanzu ga maganar magani, kuma a nan zan daɗe. Amfanin kusbara da ya fi kowanne tsayuwa da ƙafafunsa shi ne na ciki: kumburi bayan cin abinci, iska, ɗan murɗawa, nauyin ciki, da rashin sha'awar abinci. Tsohon sani ne. An ambace ta a takardar likitancin Masar ta dā da ake kira Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an sami 'ya'yanta a kabarin Fir'auna Tutankamun, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninta a littafinsa Al-Ƙanun. Amma daɗewa kaɗai ba hujja ba ce, abubuwa da yawa sun daɗe ana sha ba sa komai. Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne kwamitin masana da gwamnatin Jamus ta kafa a 1978 don tantance magungunan tsirrai, wanda ake kira Kwamishin E. Ya yi watsi da tsirrai da dama, amma ya amince da 'ya'yan kusbara a kan abu biyu: rashin narkewar abinci da rashin sha'awar ci. Ya kuma sa ma'auni, giram 3 a yini. Gwaje-gwajen da aka yi a kan hanjin dabbobi sun nuna dalili: man ƙamshin na sassauta naman hanji idan ya ɗaure, iska ta sami hanyar wucewa.

Giram 3 ɗin nan kimanin cokalin shayi ɗaya da rabi ne na 'ya'yan da ba a daka ba. Ki yi lissafi tare da ni: idan man ƙamshi kashi 1 cikin 100 ne, to duk abin da ke cikin wannan ma'auni bai wuce ɗigo ɗaya ba. Ɗigo ɗaya tak kike ƙoƙarin kaiwa cikin cikinki, shi ya sa kowane sakaci ke da tsada.

Ga yadda nake yi. Ki fara ɗora ruwa, kada ki taɓa kusbarar sai ya kusa tafasa. Sannan ki zuba rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya a ƙaramin turmi, ki ɗan ƙwanƙwasa, fasawa kawai, ba niƙa ba. Man yana cikin wasu siraran hanyoyi ne a jikin ƙwayar, idan ba a fasa ba ruwa ba zai kai gare shi sosai ba, idan kuma aka mayar da ita gari tun da wuri iska ce za ta fara sha. Juye a kofi, zuba tafasasshen ruwa, ki rufe da faranti nan take. Ki bar shi minti 10 zuwa 15. Idan kin ɗaga farantin za ki ga ɗigon ruwa sun taru a ƙarƙashinsa. Kada ki yarfe su a ƙasa, ki karkata farantin su koma cikin kofi, domin tururin da ya tashi da linalul ne ya sauka a wurin, kuma idan kin shinshina za ki ji sun fi ruwan kofin ƙamshi. Tace, ki sha da ɗuminsa bayan abinci idan kumburi ne, ko kamar rabin awa kafin abinci idan sha'awar ci ake nema. Sau biyu ko uku a yini, jimilla kada ta wuce wancan cokali ɗaya da rabi. Ɗan yankin citta ko tsunkulin shammar na tafiya da ita lafiya. Idan kina fama da ƙwannafi ki bar na'ana'a daga cikin haɗin, takan ƙara shi. Flas ma ya yi, har ya fi kofi, tunda ba inda tururi zai bi.

Mutanen Indiya suna da wata hanya ta lokacin zafi: a fasa 'ya'yan a jiƙa cikin ruwan sanyi a rufe tun dare, a tace da safe. Ya fi laushi a baki, ƙarfinsa bai kai na ruwan zafi ba. Idan za ki yi, da tsabtataccen ruwa, kuma a sha a ranar.

Kada a ɗura wa jaririn da bai kai wata 6 ba, komai kukan ciwon cikin da yake yi. Nono kaɗai. Kuma ciwon cikin da ya zo da baƙin bayan gida, aman jini, rama ba dalili, wahalar haɗiya, ko wanda ya wuce mako biyu bai lafa ba, ba na kofi ba ne, na likita ne.

A girki kuwa, da yawanmu muna cin kusbara ba mu sani ba, domin tana cikin manyan abubuwan da ke cikin garin kori. Amma wadda kika daka da hannunki daban ce. Ana iya gasa ta a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, ana girgizawa, minti 2 zuwa 3, har ta ɗan ƙara duhu ƙamshi ya tashi, a juye a faranti nan da nan don kasko na ci gaba da ƙona ta ko an sauke. Ki san cinikin da kike yi: gashi na haifar da sabon ƙamshi irin na soyayyar gyaɗa, amma yana cin wani kaso na linalul. Don haka ta nama, yaji da dambu a gasa, ta shayin magani a bar ta ɗanya. Tunda kuma linalul mai yake so, gurbinta a girki shi ne cikin mai, tare da albasa, ba a barbaɗa a kan ruwan miya mai tafasa ba.

Misirawa sun gane wannan tuntuni. Miyarsu ta mulukiya ganyen lalo ne, wanda wasunmu ke kira ayoyo. Sai miya ta nuna sannan su soya dakakkiyar tafarnuwa da kusbara a man shanu, da ta yi launin zinariya su juye a tukunya tana ƙara, su sauke. Na ɗauko wannan na kawo kan miyar lalo da ta ɗanyar kuɓewa, ya zauna daram, ko da akwai daddawa a ciki. Inda ya fi yi mini amfani shi ne faten wake: ƙwayar tafarnuwa huɗu, cokalin shayi ɗaya na kusbara da aka daka yanzu, cokali biyu na mai, a juye a ƙarshe a rufe tukunya. Wake na sa iska, kusbara na taimaka wa ciki da ita, ga daɗi.

Ganyen ba ya son wuta ko kaɗan. A nan Kano an fi samunsa lokacin sanyi wurin masu kayan lambu, wani daga Jos yake zuwa. Yana kama da ganyen fasli har mai sayarwa kansa kan rikice, to ki tsinki ɗaya ki murza, hanci zai raba gardama. Busasshen ganyen kusbara da ake sayarwa a 'yan kwalabe asarar kuɗi ne, aldihaid ɗin sun tafi tun wajen shanya. Ɗanye za ki saya, ki yanka da wuƙa mai kaifi dab da zubawa, har da siraran karan, don su ma suna da ƙamshi, ki watsa bayan an sauke tukunya. Idan ya yi saura, ki tsoma gindinsa a kofin ruwa ki lulluɓe da leda a firij, ko ki markaɗa da ɗan mai ki daskarar.

Akwai mutanen da ganyen nan ɗanɗanon sabulu yake yi musu, kuma ba iyayi ba ne. A 2012 masu bincike na kamfanin 23andMe a Amurka sun danganta abin da wani yanki na ƙwayoyin gado masu kula da jin ƙamshi, musamman wadda ake kira OR6A2, mai saurin kama aldihaid. Irin waɗannan sinadarai suna cikin sabulu, kuma kuɗin cizo ma na fitar da 'yan'uwansu, shi ya sa wani zai ce miki warin ƙwaro yake ji. Idan maigida ko yaro na cikin masu jin haka, kada ki tilasta. Ki daka ganyen da tafarnuwa da lemon tsami ki bar shi ya ɗan zauna, warin kan ragu. Idan bai yi ba, 'ya'yan suna nan, su ba su da wannan matsala.

Wanke ganyen kuwa ba abin wasa ba ne. Ganye ne da ke girma dab da ƙasa, ana cin sa ɗanye, kuma ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba. Ko a Amurka, a 2015 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta tsaurara shigo da ganyen kusbara daga jihar Fuwebla ta Meziko bayan an danganta shi da ɓarkewar gudawa. Ki cire saiwar, ki wanke a ruwa mai yawa kina sauyawa har ƙasan roba ya daina nuna yashi, ki jiƙa a ruwan khal na 'yan mintuna, ki ɗauraye. Wanki na rage ƙwayoyin cuta ne, ba ya gamawa da su duka. Idan mai ciki, ƙaramin yaro ko maras lafiya za su ci, gara ki jefa shi miya tana tafasa ya ɗan dahu. A rasa ƙamshi ya fi a kwana a asibiti.

A nan ne nake so in yi magana a kan abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, don yana damuna. Za ki ga an rubuta cewa ganyen kusbara ya fi maganin asibiti kashe ƙwayoyin cuta. Maganar tana da tushe: a 2004 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, ƙarƙashin Isao Kubo, sun nuna dodesenal na kashe ƙwayar Salmonela, 'yar'uwar wadda ke sa taifot. Amma tsantsar sinadarin suka zuba a kan ƙwayar cuta a faranti cikin ɗakin gwaji. Faranti ba jikin mutum ba ne, kuma ɗan ganyen da ke kan shinkafarki ba ya ɗauke da adadin da zai yi wannan aiki. Mai taifot ya sha maganin da likita ya rubuta.

Haka maganar ciwon suga. A 1999 an wallafa binciken Gray da Flatt a wata mujallar kimiyyar abinci ta Birtaniya, inda kusbara ta rage sukarin jinin ɓeraye kuma ta sa ƙwayoyin da ke fitar da insulin suka ƙara aiki. An ga ta sauke hawan jini ta kuma sa fitsari, shi ma a dabbobi. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Abain sun gano dodesenal na ganyen yana buɗe wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke bi a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, har ya jinkirta farfaɗiya a ɓeraye. Bincike ne masu daraja, ina karanta su da sha'awa, ina ma kawo wa ɗalibaina misali da su. Amma duk ba su kai matsayin a ce wa mutum ya ajiye ƙwayarsa ba. Mai farfaɗiya da ya daina maganinsa saboda ganye yana iya faɗuwa cikin wuta ko rijiya. Mai suga da ya daina nasa yana iya rasa ƙafa ko ido. Batun cewa tana wanke dalma da sauran ƙarafa masu guba daga jini kuwa ba a tabbatar da shi a jikin mutane ba, kuma gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, tana da nata maganin a asibiti. Darasin da za a ɗauka daga binciken ɓerayen na taka-tsantsan ne: idan kina shan maganin suga ko na hawan jini kuma kika fara shan shayin kusbara kullum, ki riƙa aunawa, ki kuma gaya wa likitanki.

Ganyen na da bitamin K mai yawa, kusan maikrogiram 310 a giram 100. Ga yawancin mutane alheri ne. Ga mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, cin sa da yawa kwatsam na iya rage ƙarfin maganin. Wanda seleri, shammar ko yansun ke sa wa ƙaiƙayin baki ko kumburin leɓe, ya yi hattara da kusbara, dangi ɗaya ne. Mai juna biyu ta tsaya a kan abin da ke cikin abinci.

Man kusbara na kwalba, tataccen nan mai ƙarfi, ba na sha ba ne. Da lissafin ɗazu, cokalin shayi ɗaya nasa ya kai man da ke cikin kusan rabin kilo na 'ya'ya. A fata ma sai an sirka da man zaitun ko na kwakwa sosai. An taɓa gwada man shafawa mai kashi 6 cikin 100 na man kusbara a Jamus a kan ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, irin wanda muke kira cin ruwa, aka ga sauƙi, amma mutane kaɗan aka gwada a kansu. Kwalbar da ta daɗe a buɗe ki zubar, domin idan linalul ya daɗe yana haɗuwa da iska yakan rikiɗe zuwa sinadaran da ke tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi.

Hanyar da ta fi sauƙin samun ganye mai tsabta ita ce ki shuka da kanki, kuma 'ya'yan da ke kwalbarki su ne irin, muddin ba a gasa su ba kuma ba su tsufa ba. Lokacinta hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. A bazara da ta ji zafi sai ta miƙe ta yi fure tun ganye bai kai ko'ina ba. Ki sami tsohon bokiti ko buhu mai zurfin taƙi ɗaya ko fiye, ki huda ƙasansa, ki cika da ƙasa mai yashi-yashi da ruɓaɓɓen taki. Ki danne 'ya'yan da gindin kofi su rabu biyu, kowane ɓari iri ne mai zaman kansa, ki jiƙa su kwana ɗaya, ki shuka a zurfin rabin gaɓar yatsa. Saiwarta doguwa ce guda ɗaya mai nutsawa ƙasa, ba ta son dashe, to inda kika shuka nan za ta zauna. Tsiro kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, kada ki yanke ƙauna ki tone. Ruwa kaɗan-kaɗan kullum, rana ta safe, inuwa da azahar. Bayan mako huɗu zuwa shida ki fara tsinkar ganyen gefe, ki bar na tsakiya. Ki riƙa sabuwar shuka duk bayan mako uku don kada ganye ya yanke miki.

Idan ta fara fure, fari-fari mai ɗan ruwan hoda, ganyen sama zai sirance, to ki bar ta ta yi 'ya'ya. Suna kore suna da ɗanɗano tsakanin na ganye da na busassu, ana iya daka su cikin yajin kifi. Sauran ki jira sai yawancinsu sun koma ruwan ƙasa, ki yanke kawunan da sassafe kafin rana ta sa su zube, ki zuba a jakar takarda ko tsohon zane, ki shanya a inuwa mako ɗaya zuwa biyu. Ki murje, ki sheƙe, ki tabbatar sun bushe ƙayau kafin su shiga kwalba, ki ware cokali biyu a takarda daban ki rubuta wata da shekara a jiki, na shukar Nuwamba mai zuwa.